Daji Ya Cika Da Mutane: Yaushe Maharbin Kufena Zai Fita?

Ƙarfe biyar na asuba ba ta cika ba. Sanyin hunturu yana ratsa ƙashi, hazo ya lulluɓe Dutsen Kufena har ba a hango kansa. Daga cikin birnin Zariya ana jiyo ladanai suna kiran assalatu, wannan na ajiyewa wancan na ɗauka. Maharbi ya idar da salla, ya rataya burgami, ya saɓa bindigar toka, ya yi wa karensa fito. Burinsa ɗaya ne, ya riga kowa isa bakin rafin da ya ga sawun gada shekaranjiya.

Kafin ya kai gindin dutsen, fitilar babur ta haske masa ido, mai gawayi ne ya ɗauko buhu uku zai kai gari. Ya ƙara gaba kaɗan ya tarar da mata masu itace sun ajiye gammo suna jiran gari ya ɗan waye. Can gefe makiyayi yana kwance shanu. Rana na ɓullowa guduma ta fara amsa kuwwa daga wajen masu fasa dutse. Da ya isa rafin, injin ban ruwa ya riga shi, yana ta ruri. Hausawa suka ce in kana sammako, wani a hanya ya kwana.

Wannan shi ne halin da farauta take ciki a kewayen Zariya yau. Dajin da ya rage na kowa ne, kuma kowa ya shigo. Maharbin da ake yi wa kirari da sanin sawun dabba, yanzu sai ya fara sanin sawun mutane, ya san ranar da suke cika daji da sa'ar da suke barinsa, kafin ya yi maganar nama.

Dutsen da ya ga jiya ya ga yau

Kufena ba baƙon wuri ba ne a tarihin Zazzau. Yana yamma da tsohon birni, kuma yana cikin tsofaffin mazaunan da mutanen ƙasar suka zauna tun kafin a kafa Zariya ta yanzu. Tarihin masarautar ya nuna cewa daga Turunku aka dawo da gadon sarauta wannan yanki a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536. Har yau ana ganin burbushin tsohuwar ganuwa a kewayen dutsen, kuma gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Abin da ya jawo mutanen farko nan shi ne abin da yake jawo dabba: mafaka a cikin duwatsu, ruwa a kwaruruka, da fadamun Kubanni da Galma da ba sa bushewa da wuri. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, don haka dajinta ya fi na Kano da Katsina duhu. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da mutum zai fita ta Ƙofar Kuyambana, kafin ya yi nisa ya shiga sunƙuru.

Sai gari ya fara tafiya wajen dutsen. 'Yan mishan suka koma Wusasa a 1929, suka gina asibiti da makaranta, wadda daga baya ta zama Kwalejin Kufena. Aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, sai makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, ga kuma barikin horar da sojoji da ya daɗe a garin. Babban titin Kaduna zuwa Kano ya ratsa ta kusa. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kaɗai suna da mutane kusan dubu 700. Tun daga lokacin an ƙara shekaru masu yawa ana haihuwa, ana yanka filoti, ana ɗora bulo.

Kalandar maharbi ta dā

Bahaushe bai taɓa ɗaukar farauta a matsayin aikin kowace rana ba. Da damina maharbi manomi ne kamar kowa. Ciyawa ta yi tsawo, macizai sun fito, zabi suna kwance kan ƙwai, ruwa yana ko'ina, saboda haka dabba ba ta da dalilin zuwa inda za a tare ta. Daji yakan samu hutun wata biyar ko shida ba tare da wani ya rubuta doka ba.

Da kaka hankali yana kan girbi. Sai an kai dawa da gero rumbu, an sheme kara, sannan ake jin gangar farauta. A ƙasashen Katsina da Gobir, da wajen Maraɗi da Ƙonni, akwai tsohuwar al'adar buɗin daji, wadda manyan maharba suke yi 'yan watanni bayan girbi. Kafin a yi ta ba a fita farautar gayya. An san al'adar tana haɗe da tsafin da Musulunci ya kawar a mafi yawan wurare, amma hikimar da ke ƙarƙashinta a fili take: daji yana da ƙofa, akwai ranar buɗe ta, akwai kuma wanda yake riƙe da mabuɗin.

Cikin rani ma akwai lissafi. Da hunturu iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, gwanin maharbi yakan tunkari dabba iska tana bugun fuskarsa don kada ta ɗauki warinsa. Da bazara, a Maris da Afrilu, tafkuna sun ƙafe, duk mai rai sai ya zo 'yan wuraren da ruwa ya rage, nan masu kwanto suke zama. Mai farautar dare kuwa duhun wata yake jira, don da farin wata dabba tana hango shi tun daga nesa.

Farautar gayya tana da nata tsarin. Sarkin Baka ko Sarkin Dawa shi ke sa rana, a sanar a kasuwa, a faɗi dajin da za a shiga da inda za a haɗu. Shi ke raba gardamar wanda ya fara jifa da wanda karensa ya kama. Dajin da aka kewaye bana, ana iya barinsa ya huta kafin a sake komawa.

Me ya cinye dajin?

Na farko noma ne. Nijeriya tana da mutane wajen miliyan 45 lokacin samun 'yancin kai a 1960, yau sun haura miliyan 200. Ƙasar Zazzau kuwa ƙasar masara ce. Saurar da ake bari ta shekara biyar ko bakwai tana hutawa, wadda a cikinta zomo da gada da fakara suke hayayyafa, ta kusa zama labari. Da takin zamani da maganin feshi, gona ɗaya ake nomawa kowace shekara.

Na biyu noman rani. Ƙaramin injin ban ruwa ya mayar da fadama gonar tumatir da albasa da rake daga Nuwamba har faɗuwar ruwa. Wurin da dabba take sha da bazara, yanzu akwai mutum a kansa dare da rana yana gadin kayansa. Watannin da aka sani na maharba ne sun zama na masu lambu.

Na uku itace da gawayi. Duk lokacin da kananzir da gas suka yi tsada, daji ne ke biyan kuɗin. Injin yankan katako yana kayar da bishiyar da ta shekara hamsin kafin mai shayi ya gama haɗa kofi ɗaya. Sai babur, wanda ya kai mutum lungun da dā sai an yi yini ana tafiya. Sai fitilar goshi mai caji, wadda ta mayar da kowane saurayi maharbin dare.

Manyan namun daji irin su gwanki da kanki da ɓauna sun daɗe da barin kewayen Zariya. Abin da ake dawowa da shi yanzu bai wuce zomo, gafiya, gyazbi, bushiya, damo, fakara da zabon daji ba. Wanda ya samu gada ko mazo, ranar sai an ji shi a unguwa.

Karatun mutane kafin karatun sawu

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Maharban da suka riƙe sana'ar da gaske sun fito da sabon lissafi, kuma kusan dukkansa a kan kauce wa cunkoso yake.

Asabar da Lahadi ranakun taron samari ne. A cika a-kori-kura da mutane da karnuka, a tafi da gora da adda da barandami, a kewaye daji da ihu da ganga. Bayan irin wannan fita, dabbar da ta tsira takan lafe a cikin duwatsu ko sarƙaƙƙiya, ba ta fitowa kiwo sai dare ya raba. Saboda haka mai farauta shi kaɗai yakan bar Litinin ta wuce, ya fita Talata ko Laraba, lokacin da daji ya ɗan huce.

Ranar kasuwar ƙauye ma ana sa ta a lissafi, don masu itace da makiyaya da yawa suna can wajen ciniki. Haka safiyar Juma'a, kafin a fara shirin masallaci. Wasu kuma sun gane cewa taron da kansa yana kora musu nama: maimakon su shiga cikin 'yan gayya, sai su riga su zuwa mashigar dutse ko bakin kwari inda dabba take bi in an taso ta, su zauna shiru. Wannan dabara tana da haɗarinta, domin wanda ya laɓe a gaban masu harbi ya sa kansa a bakin bindiga.

Akwai masu zaɓen farkon rani, da zarar an kwashe amfani, kafin a banka wa daji wuta. Lokacin nama yana da ƙiba, amma makiyaya sun shigo cin kara da harawa, kuma akwai sauran wake da dawa a wasu gonaki, rigima ba ta da wuya. Akwai masu haƙuri har bazara, lokacin da zafi ya kori 'yan sha'awa, sai dai abin da ya rage kaɗan ne, kuma a rame yake. A 'yan shekarun nan azumi ma ya shigo cikin lissafin, tunda yana faɗowa a Fabrairu da Maris, tsakiyar lokacin farauta. Da rana daji yakan yi tsit, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudu da ƙishirwa kuwa ba na kowa ba ne.

Inda nama yake, can tsoro yake

Wanda kewayen gari bai ishe shi ba, dā yamma yake nufa, wajen Giwa da Birnin Gwari. Can ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Farauta a cikinsa haramun ce a doka, amma dazuzzukan da ke kewaye da shi sun daɗe suna ciyar da maharba.

Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suka mayar da wannan yanki, har zuwa Kuyambana a Zamfara da Rugu a Katsina, wurin da ba a shiga da ganganci. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana sare itatuwa a dazuzzukan wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari da Giwa, ta kuma dakatar da wasu kasuwannin mako, duk don matsalar tsaro. Da manyan dazuzzuka suka rufu, sai kowa ya dawo ya matsu a ɗan abin da ya rage kusa da gari.

Wasu suka zaɓi tafiya kudu, su yi watanni a can. Wannan ma ta nuna nata haɗarin. A ranar 27 ga Maris 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare motar wasu mafarauta 'yan Jihar Kano da ke dawowa daga Jihar Ribas don yin Sallah a gida. Ganin bindigogin toka a motar ya sa aka yi musu zargin satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Tun daga ranar, duk maharbin da zai yi nisa ya san cewa katin shaida da takardar izinin bindiga, wadda doka ta ce a nema wurin kwamishinan 'yan sanda, sun zama guzuri kamar ruwa da gari.

Kowa da kukansa

Manomi yana kukan wuta. Ana cinna ta don a fito da gafiya ɗaya, ta cinye tarin kara, ta lashe bishiyoyin mangwaro da ɗorawa, wani lokaci har da amfanin da ba a kwashe ba. Mai lambu yana kukan karnuka da tattake shuka. Makiyayi yana cewa wutar ta ƙone abincin shanunsa na wata uku, karnukan kuma ba sa bambanta gada da ɗan akuya.

Dattawan maharba nasu kukan a kan 'yan baya ne. A ganinsu farautar gayya ta fita daga hannun masu ita, ta koma dandalin gwada ƙwanji, inda ƙungiyar wannan unguwa take neman ta waccan da faɗa a kan zomo ɗaya. Samarin kuma suna cewa ba su da aikin yi da rani, kuma abin da suka gada ne.

Likitoci suna tunatarwa cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ya fi tsananta daga Disamba zuwa Afrilu, kuma ɓera ne ke yaɗa shi. Ƙona daji yana koro ɓeraye cikin gidaje daidai wannan lokaci. Malaman Zariya kuwa, masu karantar da fiƙihun Malikiyya a zaure, sun daɗe suna faɗa cewa farauta don neman abinci halal ce, amma wadda ake yi don wasa kawai makaruhi ce.

Kada kuma a manta da alherin maharba. Su ne suka san daji, su ake nema in an yi sata ko an ɓata. A 2014 maharban Adamawa sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Ƙasar da ta bar sana'ar ta mutu, ta yi asarar wannan sani.

Yadda wasu suka raba lokaci

Cunkoson maharba a dajin kowa da kowa ba ciwon Zazzau kaɗai ba ne. A yammacin Amurka akwai wata irin barewa mai manyan kunnuwa, wadda saboda kunnuwan aka raɗa mata sunan alfadari. Yawancin masu farautarta a filayen gwamnati suke yi. Hukuma ɗaya daga cikin masu kula da waɗannan filaye tana riƙe da eka wajen miliyan 245, wato fiye da faɗin Nijeriya gaba ɗaya. Duk da haka, ranar da aka buɗe farauta motoci sukan yi jerin gwano a bakin daji, barewar kuma ta haye tsaunuka ko ta tsallaka gonakin da ba a shiga.

Dabarun maharbansu kamar a Kufena aka koya musu: a bar ranakun farko su wuce, a fita tsakiyar mako, a yi nisa da hanyar mota, ko a jira Nuwamba lokacin barbara, sa'ad da mazan suke rage wayo. Bambancin shi ne can hukuma ta shiga tsakani. A Jihar Kolorado an yanka lokacin farautar bindiga gida huɗu tsakanin Oktoba da Nuwamba, kowane zango 'yan kwanaki ne. Tun 1999 lasisin wannan barewa ƙidayayye ne, ƙuri'a ake jefawa. Dole maharbi ya sa riga mai launi mai ƙyalli don kada ɗan'uwansa ya harbe shi. Tun 1937 kuma a faɗin Amurka akwai harajin da ake ɗora wa bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin ɗari, ana kashe shi a kan kula da namun daji.

Ba sai an je nesa haka ba. A Ghana ana rufe farauta kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba don dabbobi su hayayyafa. Nijar ta yi dokar farauta a 1998, kuma a gandun Gadabeji na Jihar Maraɗi an dawo da raƙuman dawa a 2018, bayan shekaru da dama da ɓacewarsu a wurin.

Mabuɗin yana hannun wa?

Mu ma muna da dokoki. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda ta raba dabbobi aji-aji, wasu ba a taɓa su sam, wasu sai da lasisi. Akwai dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke shirin ƙarewa, wadda aka ƙara wa tara a 2016. Sai dai malamin daji ɗaya da ba shi da babur ba zai tsare dajin ƙaramar hukuma guda ba, kuma yawancin masu fita farauta ba su taɓa jin an karanta musu waɗannan dokoki da Hausa ba.

Filin da ya tafi ba zai dawo ba, ba wanda zai rushe gidansa a Wusasa don zomo ya samu makwanci. Abin da ya rage a raba shi ne lokaci, kuma rabon lokaci ba ya cin kuɗi mai yawa. Masarautar Zazzau tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, maharba suna da sarakunansu, makiyaya suna da arɗo, manoma suna da sarkin noma. Waɗannan za su iya zama da jami'an gandun daji da 'yan sanda sau ɗaya a shekara, bayan girbi, su sa ranar buɗe daji da ranar rufe shi kafin ruwan farko.

A wannan zama za a iya raba ranakun gayya tsakanin unguwanni don kada ƙungiya biyu su haɗu a daji ɗaya. A ware wani yanki ya huta bana, wani baɗi. A hana wuta, a hana kashe mai ciki da mai goyo, a bar bakin ruwa biyu ko uku da ba a kwanto a kansu da bazara. A rubuta sunan duk mai fita, a sanar da ƙauyen da za a bi tun kwana uku kafin ranar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa abin da kakanni suka yi.

Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Haka maharbi da manomi da makiyayi da mai itace, ba wanda ya fi wani iko da ɗan dajin da ya rage a bayan Kufena. Kira ga sarakunan baka na ƙasar Zazzau shi ne su kai wannan magana fada tun kafin kaka mai zuwa, domin in aka ci gaba da fita kowa da ranarsa, yaran da ke tasowa a gindin dutsen nan a littafin makaranta kawai za su san kamannin gada.